Safar Ƙarfen Sarki Gotiye

Ku matso ku ji yadda safar ƙarfe ta kama hannun wani sarki ta ƙi saki.

A ƙasar Faransa, tun zamanin da ake yaƙi da takobi da mashi, an yi wani sarki ana ce da shi Gotiye ɗan Eberar. Yana da shekara ashirin da biyu ya hau gadon ubansa, ya kuma gaji yaƙi tare da gadon, don a fagen daga aka kashe uban. Abokan gabarsa mutanen Tsibiri ne, masu hayo teku cikin jirage su sauka gaɓa su yi ta ƙone garuruwa. Sarkinsu Aldarik ɗan gwaggon Gotiye ne, yana cewa shi ma jinin gidan ne ta wajen uwa, saboda haka Faransa tasa ce. Shekara goma sha tara ana wannan ja-in-ja, yau a ci gari gobe a ƙwace, talakawa na shan wuya a tsakani.

Gotiye jarumi ne, ba zan rage masa ba. Amma ban taɓa jin labarin mafaɗaci irinsa ba. Miya ta huce, faɗa. Doki ya yi tuntuɓe, faɗa. Ga shi Allah ya ba shi murya, in ya daka tsawa a wannan gefen sansani sai na wancan gefen su miƙe tsaye. Da muryar nan yake mulki, da ita yake jan runduna.

To, mutanen ƙasar suna da wata al'ada. Ranar da aka naɗa sarki ana shafa masa wani mai a hannun dama, daga nan hannun ya zama magani ga masu kumburin wuya, irin wanda ke fashewa yana ruwa. Sau ɗaya a shekara marasa lafiya su taru a ƙofar babbar majami'a, sarki ya yi azumi, ya fito da ƙafa, ya tuɓe hannunsa, ya taɓa wuyan kowa fata da fata yana cewa, "Sarki ya taɓa ka, Allah ya warkar da kai." Kafin mako ya zagayo sai kumburi ya sace. Da wannan suke gane sarkin gaskiya. Tun da Gotiye ya hau, kullum yana bakin daga, sai a ce wa marasa lafiya su jira baɗi. A shekara ta goma sha tara Limami Remon, tsohon da ke shugabantar majami'ar, ya matsa masa har ya sa rana.

Ranar ta zo, mutum ɗari uku suka yi layi. Ana cikin haka manzo ya iso da labarin mutanen Tsibiri sun ƙone wani gari a bakin kogi. Gotiye ya fito cikin sulke bisa doki, safar ƙarfe a hannu biyu, idanunsa jajur.

Limami Remon ya kama linzami ya ce, "Ranka ya daɗe, a sauka, a zare safa. Haka iyayenka suka yi."

Gotiye ya ce, "Ana cin ƙasata da wuta, kai kana maganar safa? Sakar mini doki, tsohon banza!"

Sai ya bi layin a kan doki yana mangarar wuyan bayin Allah da hannun ƙarfe, ko kallonsu bai yi ba. Mai miki ya yi ƙara, tsohuwa ta faɗi, bai tsaya ba. Gaskiyar magana ba sauri kaɗai ba ne, ƙyamarsu yake ji. Ya gama ya zaburi doki ya tafi.

Da yamma ya sauka zai ci abinci. Safar hagu ta fita salin alin. Ta dama ta ce ba ta san zance ba. Aka ja, aka shafa kitse, aka kira maƙera. Magagari ya karye, awartaki ya lanƙwashe. Ya sa aka yi wa maƙera bulala, aka kawo waɗansu, su ma suka sha tasu. Mako ya zagayo, cikin mutum ɗari ukun nan ko ɗaya bai warke ba.

Labari ya game ƙasa kafin a ce me. Aldarik ya aiko da takarda yana cewa hannun da ba ya warkarwa ba na sarki ba ne, shi a shirye yake ya taɓa marasa lafiya a gaban kowa. Hakiman Faransa suka taru, babbansu Boduwan ya tsaya gaban Gotiye ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mun yi da mutanen Tsibiri kowa ya ajiye makami kwana arba'in. Ranar cikon arba'in za a tara marasa lafiya a gadar da ke tsakanin rundunoni biyu. Wanda hannunsa ya warkar, shi ne sarkinmu. Mun kuma rantse babu mai zare takobi dominka sai mun ga waraka da idonmu."

Gotiye ya zage su tun daga kakanninsu. Suka sunkuyar da kai har ya gama, suka fice ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya shi kaɗai cikin zaure yana huci, sai tsohon limami a bakin ƙofa.

Remon ya ce, "Man da aka shafa maka ba na duniyar nan ba ne. A bayan majami'a akwai tsohuwar rijiya. Ƙarƙashinta akwai hanyar zuwa birnin Uwar Tulu, aljanar da ta ba kakanka na fari man. In da mai zare safar nan, ita ce. Amma ba a shiga da doki, ba a shiga da rakiya."

"Kuma sai yau kake gaya mini?"

"Ranka ya daɗe, yau ne ka yi shiru har na kai ƙarshen magana."

Da hantsi Gotiye ya kama igiya ya sauka rijiya. Ya yi ta sauka har hasken sama ya zama kamar ƙwayar gero, sai ya ji ƙafarsa ta taka ƙasa. Ya waiwaya ya ga wata rana daban, fara fat, tana tsaye a tsakiyar sama ba ta motsi. Gabansa fili ne na toka iyakar ganin ido. Ya kama tafiya, toka na kai masa gwiwa. Kwana tara yana tafe, da barcinsa kaɗai yake ƙirga kwanakin, har yunwa ta kusa kayar da shi. Sai ya hango wata tsohuwa mai hannu huɗu, biyu na niƙa toka a kan dutse, biyu na gasa gurasa da ita.

Ta ɗago kai ta ce, "Maraba da mai gona. Ya kai ɗan Adam, ka gane hatsinka?"

Ya ce, "Ni ne Gotiye sarkin Faransa. Nuna mini hanyar birnin Uwar Tulu, ki rage surutu."

"Duk alkamar da aka ƙone a ƙasarka nan take zuwa. Rabi mutanen Tsibiri suka sa wa wuta. Rabi kai ka ba da umarni, don kada abokan gaba su sami na ci. Babu mai ganin hanya sai ya ci abin da ya noma."

Ta miƙo masa gurasa baƙa ƙirin. Ransa ya ɓaci, ya zare takobi ya kai mata sara. Tsohuwa ta cafke kaifin da yatsa biyu, ta ɗora shi kan dutse ta niƙe tare da toka, ta ci gaba da aikinta. Ya tsaya da kube fanko. Da ya ga ba makawa ya karɓi gurasar ya gatsa. Ɗacinta ya kai masa har ƙwaƙwalwa, kowace loma kuma ƙara masa yunwa take yi, irin yunwar wanda ya kalli gonarsa na ci da wuta. Ya haɗiye ta ƙarshe yana tsine wa tsohuwa, sai toka ta dare gida biyu, hanya ta bayyana.

Hanya ta kai shi bakin wani kogi ɗan siriri, wanda mutum zai iya jefa dutse ya haye. Ruwan baƙi ne, ga waɗansu hannaye suna fitowa suna komawa. A bakin gaɓa akwai kwalekwale, mai fiton yana da jikin mutum da kan zalɓe.

Mai fito ya ce, "Shigo, ya ma'abocin hannun ƙarfe. Ba na karɓar lada. Sharaɗina ɗaya ne: kogin nan zagi yake sha. Duk baƙar magana ɗaya, faɗinsa ya ƙaru da tafiyar yini."

Gotiye ya ce a ransa wannan ai abu ne mai sauƙi. Suka tashi. Mai fito ya riƙa tuƙi a hankali, ya tsoma filafili sau ɗaya, ya tsaya ya gyara gashin wuyansa, ya sake tsomawa. Ko kamu goma ba su yi ba Gotiye ya fashe.

"Kai, tuƙa mana, ɗan tsuntsun banza!"

Gaɓar da ke gabansu ta ja baya har ta ɓace. Da ya ga haka sai ya zagi kogin. Ya zagi kwalekwalen, ya zagi Aldarik, ya zagi Boduwan, ya haɗa da limami. Kafin ya ankara suna tsakiyar teku, ba gaba ba baya. Mai fito ya dube shi da ido ɗaya ya ce, "Ci gaba, ya sarki. Ni ba ni da ranar da ake jirana a gada."

Maganar nan ta soke shi. Ya tattaro gemunsa ya cusa a baki ya cije. Kwana goma sha huɗu yana zaune haka, jijiyoyin wuyansa sun tashi, hawayen haushi na zuba, hannayen cikin ruwa na kama bakin kwalekwale yana bugunsu da safa ba tare da ya ce uffan ba. Da suka taɓa gaɓa ya tofar da gemu, rabinsa ya tsinke a haƙoransa. Sai da ya tabbata ƙafarsa biyu na kan tudu ya juyo ya sauke wa mai fito duk abin da ya tara.

Bayan kogi akwai makiyaya mai jar ciyawa, cike da dawaki ba mahaya. Waɗansu da mashi a ƙirji, waɗansu da kibiya a wuya, duk waɗanda suka mutu a yaƙinsa ne. Da suka ji ƙarar sulke suka ɗaga kai gaba ɗaya. Wani babban ingarma mai ido ɗaya ya buɗe baki ya yi magana da muryar mutum.

"Masu ƙarfe ne suka kai mu inda muka mutu, ba mu san abin da ake faɗa a kai ba. Mun yi alkawari ƙarfe ba zai ratsa makiyayarmu ba."

Suka taso masa. Sarkin Faransa ya ranta a na kare. Ya cire kwalkwali ya jefar, suka tsaya suka tattake shi, suka sake biyo shi. Ya kwance sulken ƙirji, ya yar da na ƙafa, ya yar da kube. Saura safa, ita kuwa ba ta fita. Ya faɗa cikin wani taɓo ya cusa hannun har kafaɗa, ya fito da shi dumu-dumu da laka ya ɓoye a hammata. Dawakai suka zagaye shi suna shinshina, ingarma ya yi haniniya, suka watse. Ya ƙarasa sauran tafiyar da 'yar riga ta ciki, ba takalmi.

Ran kwana talatin da tara ya iso birnin. An gina shi cikin wani tulu da ya fi dutse girma, ta bakin tulun ake shiga. Titunan duk mai ne ke gudana a kansu, aljanun birnin na tafe a hankali suna jan ƙafa. Gotiye bai iya irin wannan tafiya ba, tun yana yaro da ƙarfi yake taka ƙasa. Sau bakwai santsi na kwashe shi. A na bakwai ya zame tun daga ƙofar fada har gaban karaga, a kan bayansa.

A kan karagar akwai mace doguwa, gashinta na ɗigar mai, idanunta ba baƙi a ciki. Dama da hagunta kuma waɗansu mazaje ne zaune da kambin sarauta a kai.

Ta ce, "Tashi, ya Gotiye ɗan Eberar. Ni ce Uwar Tulu. Na ba gidanku amana a hannu, ka sa mata ƙarfe."

Ya miƙe yana tangaɗi ya ce, "Ban zo jin wa'azi ba. Manki ya lalace. Zare mini wannan abu, gobe ake jirana."

"Maina bai lalace ba. Dubi waɗannan da kyau."

Ya duba. A kusa da karaga ya ga ubansa Eberar, da raunin mashin da ya kashe shi. Bayansa kakansa, bayan kakan waɗansu da ya sani a hoton bango kawai. Uwar Tulu ta ɗaga yatsa, sarakunan suka buɗe wuyan rigunansu. Wuyan kowa tabo ne a kan tabo, babu wajen sa yatsa.

Eberar ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganina da buɗaɗɗen wuya? Hannun nan ba ya korar cuta, jawo ta yake yi. Ta bar talaka ta shigo jikin sarki. Mu kwanta mako biyu a ɓoye, mu tashi mu rufe tabon da riga. Abin da ake naɗa mu a kansa ke nan."

Gotiye ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce, "Baba! Shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya, ba ka gaya mini ba?"

"Uba ke gaya wa ɗa, baki da baki. Daren da zan fita yaƙina na ƙarshe, na yi nufin gaya maka da safe. Na zo na tarar kana zagin mai kula da karnuka saboda kare ya gurgunce. Na tsaya, na tsaya, har aka busa ƙahon tafiya."

"Wato laifina ne? Kun zauna nan kuna sheƙi da mai, kun bar mini yaƙi, kun bar mini hakimai maciya amana, yanzu kuma ruɓaɓɓun wuyan talakawa ne gadona?"

Tsawarsa ta girgiza tulun har mai ya yi igiyar ruwa. Da ya gaji Uwar Tulu ta ci gaba.

"Cutar mutum ɗari uku ta taso za ta shiga hannunka, ta tarar da ƙarfe. Ba ta shiga ba, ba ta kuma saki masu ita ba. Ita ce ta riƙe safar. Zaɓi biyu gare ka. In ka so in yanke hannun daga wuyansa, ka koma lafiya lau da muryarka, ba sarauta. In ka so in ɗiga mai, safa ta fita a sa'ar da ka ja ta da kanka. Amma iyayenka da azumi suka ɗauki tasu, fata da fata. Kai za ta afka maka ne a fusace, ta shaƙe maƙogwaronka. Daga sa'ar da ka zare safa, magana uku ta rage maka a duniya, kowace tsawon numfashi ɗaya. Dole kuma ɗaya daga ciki ta zama kalmar taɓawa, sarki ya faɗe ta da bakinsa ko sau ɗaya ne, limami ya maimaita wa saura."

Gotiye ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya ce, "Aldarik fa? In ya taɓa su, za su warke?"

"Jinin gidan ne. Uwarsa ta saci ɗigon mai ta shafa masa yana jariri. In ya tuɓe hannu, za su warke."

"Ya san abin da ke biyo baya?"

"Bai sani ba."

Zan so in ce muku tausayin marasa lafiya ne ya motsa shi, amma ba zan yi muku ƙarya ba. Hango Aldarik ya yi zaune a kan gadon Faransa, Boduwan na durƙusa masa. Ya miƙa hannu ya ce, "Ɗiga."

Ta ɗiga mai a bakin safar, ta hura masa iska a fuska. Sai ga shi a bakin rijiya a bayan majami'a, rana ta fito, ranar cikon arba'in ce. A hanyar gada, bisa wani dokin aro, ya tsara maganganunsa uku. Ɗaya ta taɓawa, tunda dole ce. Ɗaya ya ce wa runduna su afka wa mutanen Tsibiri tun suna tsaye ba shiri. Ɗayar kuma zai ajiye ta don wata rana.

Ya tarar da gada cike. Wannan gefe rundunar Faransa, wancan gefe ta Tsibiri, a tsakiya marasa lafiya sun ninka na da. Aldarik na tsaye cikin alkyabba mai ruwan zinariya, ya riga ya naɗe hannun riga, Limami Remon na riƙe da tasar ruwa. Mutane suka ga wani mai rabin gemu, ba takalmi, laka har kafaɗa, yana ratsa taro. Sai da ya buɗe baki suka gane shi. Ya yi ta zaginsu, hakimai da baƙi, tun da yanzu maganar kyauta ce. Ba wanda ya motsa.

Aldarik ya yi murmushi ya ce, "Ɗan kawu, ka gama? Bari in nuna maka yadda sarki ke yi." Ya miƙa hannu wajen wata mata da ke farkon layi.

Gotiye ya kama safar da hagu ya fizge. Ta faɗi kan gada da ƙara. A gaban idon kowa wuyansa ya fara tashi, ƙulli bayan ƙulli, dama da hagu, har ɗaya ya fashe ruwa ya gangaro masa ƙirji. Ya shaƙi numfashi ya ce, "Dubi wuyana, Aldarik! Hannun nan jawo cuta yake yi, duk wanda ka taɓa tasa ta zama taka. Taɓa ta mu gani!"

Aldarik ya dubi wuyan Gotiye, ya dubi na matar. Hannunsa ya tsaya a iska. Rundunoni biyu na kallonsa. A hankali ya janye shi, ya saki hannun riga ya rufe. Gunaguni ya tashi daga cikin mutanensa.

Magana ɗaya ta tafi, saura biyu, kuma sun isa. Sai Boduwan ya ja da baya yana toshe hanci, ya ce, "Wayyo, aljanu sun taɓa shi! A matsa, kada ya shafa mana!"

Ku da kuka biyo shi tun daga kogin nan kun san abin da zai faru. Gotiye ya juyo ya ce, "Rufe mini baki, matsoraci, ɗan matsorata, mai tumbi kamar randa!"

Yana rufe baki ya gane abin da ya yi. Ya tsaya. Can ƙarshen gada mutanen Tsibiri sun rikice, sarkinsu ya juya yana neman dokinsa, masu baka ba su ɗaura tsarkiya ba. Shekara goma sha tara yana neman rana irin wannan. Tsawa ɗaya tak, ya gama da su. Amma hakimai sun rantse ba za su zare takobi ba sai sun ga waraka, waraka kuma ba ta zuwa sai da kalmar. Numfashi ɗaya ya rage masa. Matar nan na durƙushe a gabansa ta ɗaga haɓa, idonta a rufe, tana jiran a mangare ta kamar wancan karon.

Ya ɗora tafin hannunsa a wuyanta. Da zafi, da danshi, yana jin jijiyarta na bugawa. Ya ce, "Sarki ya taɓa ki, Allah ya warkar da ke."

Wannan karon ba a jira mako ba. Kumburin ya sace a ƙarƙashin yatsunsa, ya ji shi yana hawa hannunsa. Matar ta shafa wuyanta ta ƙwala ihu. Gada ta ɗauka. Hakimai suka zube a ƙasa, Boduwan ne na farko, suka zare takubba suka ɗaga sama suna jiran umarni.

Gotiye ya buɗe baki. Iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa har idanunsa suka firfito, ba komai. Sai ya miƙa hannun damansa da ƙarfi ya nuna mutanen Tsibiri da ke guduwa. Wani tsoho da ke gaba a layi ya ga hannun sarki a miƙe, ya matso da sauri ya sa wuyansa a ƙarƙashi. Limami Remon ya faɗi kalmar, tsoho ya warke. Gotiye ya fizge hannu ya sake nunawa, wata mai goyo ta shigo ƙarƙashi. Ya ɗaga shi sama, suka kamo shi suka sauko da shi. Ya miƙa hagu, suka ɗauka kiran na baya yake, layi ya ƙara matsowa har suka rufe shi ruf, hakimai ba sa ko hango shi. Yana buga ƙafa, hawaye na zuba, jama'a na cewa ku dubi sarki yana kuka don tausayinmu.

Har la'asar yana taɓawa. Da na ƙarshe ya tashi ya tafi yana sa masa albarka, Gotiye ya ɗaga kumburarren wuyansa da ƙyar ya dubi ƙetaren kogi. Babu kowa, sai sawun dawaki da tukwanen da suka bari a kan wuta.

Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan wannan a kan gadon Faransa, babu wanda ya ƙara ja da shi a kan sarauta, bai kuma ƙara furta ko kalma ɗaya ba. Kowace shekara yakan fito da ƙafa, hannu tuɓe, fuska murtuke, ya bi layi har ƙarshe.

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan, na sauke muku shi.